Gashin Bakin Mai Walda da Tauraron Ɗan Adam

Kai mai gaggawa, zauna ka ji wannan. An yi wani mai walda da gashin baki har na murɗawa. Ya sayo madubin hangen nesa na gwanjo, ya yi masa ƙafa uku da ragowar rodi, ya je majalisa ya bugi ƙirji. Wai cikin kwana uku zai kama tauraron ɗan adam ɗin nan da ke giftawa bayan magariba, har a ga fikafikansa. In ya kasa, a kwashe gashin bakin a bainar jama'a. Wanzamin unguwa kuwa yana zaune, nan take ya hau wasa aska. Ranar farko waya ta faɗa masa lokaci, tauraro ya ɓullo ta bayan kuka, mutumin naka ya bi shi da bututun madubi. Ya yi dama, tauraro ya yi gaba. Ya ƙara juyawa, sai ga wandon maƙwabci a kan igiya, ƙato kamar tanti. Rana ta biyu ya ƙara wuta, yana juya madubi kamar mai tuƙa tuwon biki, har ya yi baya-baya ya zauna a kan akurki. Kaji suka watse, majalisa ta kwanta da dariya.

Rana ta uku ya fito yana shafa gashin baki kamar mai ban kwana. Wani tsohon maharbi ya ce, "Ɗana, wa ka taɓa gani ya kama zomo da gudu? Hanyarsa ake tsarewa." Da tauraron ya ɓullo, tsoho ya dubi inda ya dosa, ya nuna can gaba, daidai tsinin hasumiyar masallaci. "Kafa bututunka nan, ka cire hannu." Mai walda ya kafa, hannu na ƙaiƙayi, ya cusa shi a aljihu. Ya ce wanzami ya sa ido a madubin, tunda shi ne alƙali. Shiru, shiru, sai wanzami ya zabura: "La ila! Ya wuce, har da fikafikai kamar mazari!" Ya naɗe askarsa yana tsaki. Mai walda ya murɗa gashin baki, hagu da dama, a hankali, don kowa ya gani.

To ka ji, ba banza ba Bahaushe ya ce zafin nema ba ya kawo samu.