Gudu a Cikin Aji

"Za a cire sunanki daga 'yan tsere," in ji malamar da ke yi mana ƙarin darasi. "In an cire, ba darasi, ba tallafi."

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a Baba ya aiko daga Zurmi, kada namiji ya sake ganina ina gudu. Makaranta kuwa mai atisayen gudu kaɗai take ɗaukar nauyinsa.

Malama ta rufe tagogin aji, ta tattara kujeru tsakiya don in zagaya su a guje, ta ɗaga agogo.

"Fara, ɗiyata. Kowane zagaye tambaya ɗaya."

Na ci jarrabawa. Shekara biyu agogonta na cewa babu mai kamo ni a Ƙauran Namoda, amma ban taɓa yin taku goma bango bai juyo da ni ba.