Ruwan Gishiri a Ƙofar Gida

"Kawu Wendell, sau ɗaya kawai," na ce, ina riƙe da ƙofar motarsa ta tanka. "Ka yayyafa mana a gaban gida."

Ruwan gishirin da rijiyoyin gas ke amayarwa ya ɗauko. Da shi ake kwantar da ƙurar hanyarmu kafin a hana. Yanzu dole a kai shi matatar ruwa, tanka sittin kullum, duk ta ƙofarmu, suna ta da ƙura. Sati uku ke nan babana yana tari a ɗaki, tagogi a rufe.

"Guba ce, Jolene. Za a ƙwace lasisina."

"Wa zai kai ƙara?"

Ya kalle ni.

"A da ke ce mai kai ƙarar, 'yar nan. Shekara biyu kika yi kina bin tankata da kyamara, har kika sa aka hana."