Wanda Ya Ɗaura Tayar

Babana faci yake yi a tashar Batsari. Wata ranar kasuwa da la'asar ina zaune kusa da shi, wurin duk warin ƙonanniyar roba, yana fama da tayar a-kori-kurar Sule Direba. Fasinjojin Wagini na jira, Sule kuwa sai zuba. Wai ya shiga sinima a Kano ya ga tseren motocin Turawa, masu kujera ɗaya, cikinsu kamar ya taɓa ƙasa. Gardama ta kaure, wasu na cewa ƙarfin inji ne, wasu zuciyar direba.

"Malam Idi," in ji Sule yana duban Baba, "taya huɗu suke canzawa kafin ka idar da Fatiha. Kai ɗaya ta tsare ka tun azahar. Gobe sabon mai facin can zan kai wa."

Aka kwashe da dariya. Sule kuwa shi ne babban mai kawo mana aiki.

Baba bai ɗago ba. "Ka riƙe sunan direban da ya ci?"

"Ƙwarai kuwa!"

"Na wanda ya ɗaura masa tayar fa?"

Sule ya ce wannan kam bai riƙe ba.

"To shi ne gwanin. Mutum ya yi irin wannan gudu bai tsaya duba tayarsa ba, ai ya yarda da wani ne."

Ya bi notin ɗaya bayan ɗaya ya ƙara ɗaurewa, sannan ya ce a hau. Sule bai taɓa kai wa wani mai facin tayarsa ba.

Ni ma direba na zama, na tsufa a tuƙi, bayana ya sage. Tun da muka binne Baba, duk wanda ya ɗaura mini taya sai na durƙusa na duba.