Abacada a Bangon Ɗakin Tsaro

Da ɗan sandan ya buɗe ƙofar, tsohon kansilan ya gane ɗakin. Ajin ƙananan yara ne na ƙauyensu, can bayan Bebeji, wanda shi da bakinsa ya ce a rufe, wai ɗan shekara huɗu ba ya bukatar malami, gara a sayo taki. Yanzu a nan ake tsare ɓarayi.

Ɗansa na zaune a ƙasa, an kama shi da akuyar mutane. Fenti ya koɗe, amma abacada na nan a bango, daidai tsayin yaro.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji saurayin, yana shafa haruffan da yatsa. "Tun jiya nake kallonsu. Me aka rubuta a nan?"