Bencin Ɗanƙarami

Ɗanƙarami tela ya dawo daga sallar la'asar ya tarar an sauya masa layi. Ina mai turare? Ina Bakanon nan mai atamfa? Kantunan Zango duk sun koma gilas da fitilu, butik bayan butik. Ya yi sallama nan, ya yi can, ba wanda ya amsa. Yaushe mutanen Damagaram suka koyi wannan wulaƙanci?

Da benci ya gane ƙofarsa. Yana nan gicciye yadda ya bar shi, alamar da kowa ya sani: mai shago ya je masallaci, yanzu zai dawo.

A ciki wata dattijuwa na auna yadi, wata mai saye na yi mata mita.

"Hajiya Salamatu, ki ɗauke tsohon katakon nan mana. Kullum sai mun tsallake shi."

"Babana ne ya gitta shi ranar gobarar tsohon layi, ina ƴar lakwal, ban gama firamare ba," in ji ta. "Daga masallaci ya faɗa cikin wutar ceton mutane, bai fito ba. Da aka sake gini na mai da bencin wurinsa. Wanda ya gitta shi ke ɗaukewa."

Salamatu? Ai ɗazu ya gama ɗinka mata rigar sallah.

Ya sunkuya ya janye bencin gefe, kamar kullum.

Mai saye ta saki yadin. Salamatu ta dubi ƙofar da ba kowa.

"Sannu da dawowa, Baba. Ka daɗe."