Salansar Tsohon Maharbi

Ko na dafa Alƙur'ani ba yarda za ka yi ba, ɗan'uwa, amma tunda kai ma kullum aikin yau sai ka ce gobe, gyara zama ka ji. An yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin daji, gwanin harbi ne, ko maƙiyinsa ya shaida, sai dai bakinsa ya fi bindigarsa ƙara. In ya harbo zabuwa ɗaya, kafin ya iso bakin kasuwa ta zama bakwai. A garin akwai wani tsohon maharbi mai bindiga ta lasisi, irin mai salansa a baki, wato bututun ƙarfen nan da ake murɗawa don ya shanye ƙarar harbi. Da ita ya yi shekaru yana tsare wa mutane gonakin rogo daga ɓarnar gyado, don in harbi bai yi ƙara ba garke ba ya saurin watsewa. To tsoho ya gaji. Gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo, kunne kuwa bindigar toka ta cinye shi tun yana saurayi. Sai ya ce zai bar bindigar ga ɗaya cikin mutum biyu da ke binsa daji: ko wannan mai bakin, ko wani shiru-shiru mai ɗingishi da ba a taɓa jin ya yabi kansa ba. Mai bakin aka fara ba aron damina guda, bisa sharaɗi ɗaya. Duk ranar da ya yi harbi, ya kwance salansar tun da sauran ɗuminta, ya zaro zobban cikinta, ya kankare baƙin hayaƙi da dalmar da suka liƙe, ya goge danshi, ya shafa mai a mahaɗin, sannan ya kawo wa tsoho abin da ya kankaro ya taɓa da hannunsa.

Makon farko ya yi. Amma ka san farautar damina: ka fita da sassafe raɓa ta jiƙa ka har ƙugu, ka yini kana tsuguno cikin rogo cinnaku na cinka, ka dawo da yamma laka ta yi maka takalmi, kafaɗa kamar ba taka ba. A ce kuma sai ka shimfiɗa buhu ka zauna kankarar zobe takwas ɗaya bayan ɗaya? Ran nan ya dawo ya jingine bindigar, ya ce bari ta huce tukuna, shi ma ya huce. Da ya tuna tsoho na jira, sai ya ɗauki wuƙa ya kankaro baƙin gindin tukunyar matarsa, ya ƙunsa a ganyen kalgo ya kai. Tsoho ya murza da yatsa, ya sa masa albarka. Shi ke nan aka sami hanya. Bayan salansar kuwa kullum sai ya goge shi da tsumma har yana ɗaukar ido, ya rataya ya bi ta tsakiyar gari yana cewa bindigar ta riga ta san mai ita. Matarsa ba ta san dalili ba, tana ta faɗa wa maƙwabta mijinta ya shiryu, har wanke-wanke yake taya ta. A can ciki kuma baƙi na hawa kan baƙi, danshin damina na dama shi, yana daskarewa kamar ƙanzo.

Ana gab da kaka, wani hantsi ya yi harbi a gonar da ke bayan gari. Garken gyado ya watse, ya ratsa ta gonar wata bazawara ya tattake rabinta. Da ya dawo sai ya tarar tsoho ya sa an fito masa da tabarma ƙofar gida, dattawa biyu na gefensa. Tsoho ya karɓi bindigar, ya ɗaga bakinta a tafin hannu ya ji nauyinta.

Can ya ce, "Ɗana, ni da ba na jin kiran salla sai an taɓa ni, yau na ji harbinka. Kwance mini salansar a nan."

Mai bakin ya kama ya murɗa, ta ƙi. Ya naɗa bakin rigarsa ya murɗa, ta ƙi. Ya ce hannunsa ne ke gumi, ya ce yanayi ne, ya ce ai jiya-jiyan nan ya buɗe ta. Sai da aka ɗauko awartakin maƙeri, ƙarti biyu suka danne, sannan ta yi ƙara ta saki. Zobban nan takwas sun zama dunƙule guda, tsatsa ta ci mahaɗin.

Tsoho bai zage shi ba, ƙarfin zagin ma babu. Cewa ya yi kawai wanda ya ɓata shi zai gyara. Kwana uku mutumin nan ya yi a gindin bishiyar ƙofar gidan, da kwanon kananzir da tsinken ƙarfe, yana jiƙawa yana kankara, farcensa na tsagewa, masu wucewa na yi masa sannu da aiki. Aikin da bai kai tafasar ruwan shayi ba da an yi shi da ɗuminsa. Rana ta huɗu zobba suka fito fes, ya mayar da su, ya murɗa, ya miƙa. Tsoho bai karɓa ba.

Ya ce, "Ƙafata ba ta kaiwa. Ka san gidan mai ɗingishi, kai masa da hannunka."

Haka ya rataya ta ya ratsa gari tsit, ya yi sallama, ya ajiye wa mutumin da ko sau ɗaya bai roƙe ta ba. Ai ba banza ba Hausawa suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.