Faifan Ƙofar Madatsa

Ka ce aikin nan yana cin lokaci, Injiniya. Zauna in ba ka misali da abin da ya sami wani abokin sana'armu.

Wata damina, ana tsakiyar marka, faifan ƙarfe mai haƙora da ke ɗaga ƙofar wata madatsar ruwa ya karye. Ƙofa ta kafe a rufe, ruwa kuwa sai ƙaruwa yake yi. Mai kula da madatsar, wani dattijo da ya shekara talatin yana karanta sandar awon ruwa, ya duba ya ce nan da kwana shida ruwa zai tsallake baki ya gangara fadamar da ƙauyuka uku suka shuka shinkafa. Ba a sayar da irin faifan a ƙasar, sai aka kwashi gutsattsarinsa aka kai wa wani injiniya mai injin buga ƙarfe. Injin yakan shimfiɗa garin ƙarfe da bai kai kaurin takarda ba, hasken leza ya narkar da shi, a ƙara wani a kai, hawa-hawa har abu ya tashi. Kafin ya kunna shi, injiniyan ya gwada aikin a kwamfuta, yadda ya saba. Kwamfuta ta nuna masa hanya biyu. In hasken ya bi a hankali, kwana huɗu, faifai zai fito a dunƙule. In aka ƙara masa gudu, kwana biyu, amma garin ba zai gama narkewa ba, za a bar ƙananan ramuka a gindin haƙoran kamar cin gara. Wurin ya fito ja wur a allon. Ya ƙirga: kwana huɗu na bugu, ɗaya na tafiya da ɗaurawa, saura kwana ɗaya tak. Ga waya ba ta daina ƙara ba, ga hadari ya haɗo ta gabas. Ya daɗe yana kallon jan nan, sannan ya ce a ransa ai juyi ɗaya ake nema ƙofa ta buɗe. Ya ƙara wa injin gudu.

Faifai ya fito sumul, yana ƙyalli. Injiniyan ya juya shi a rana bai ga tsaga ba, ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya ji amo mai kyau. A rana ta uku aka ɗaura shi, ruwan sama na dukan bayan mutane, manoma sun yi cirko-cirko a kan gaɓa. Ƙarti huɗu suka kama mariƙi suka fara murzawa. Ƙofa ta motsa. Ta ɗaga yatsa biyu, ta ɗaga taƙi guda, ruwa ya fara feshi ta ƙarƙashinta. Sai aka ji ƙas, kamar an karya ƙashi, mariƙi ya kufce, ƙofa ta koma ta zauna da nauyinta duka. Injiniyan ya tsinci haƙori ɗaya a cikin taɓo. Cikinsa duk ramuka ne, har garin da bai narke ba yana manne masa a yatsa, daidai inda kwamfuta ta sa ja. Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ya dai tambaye shi, “Ranka ya daɗe, wancan na a hankalin kwana nawa yake ci?” Injiniyan ya ce huɗu. Dattijo ya dubi sandar awo, ya juya ya ce wa manoma su je su kwashe dabbobi da yara daga bakin fadama.

Injiniyan ya koma ya buga na kwana huɗun. Ran da ya iso da shi, ruwa ya kwana biyu a kan shinkafa, ko kan ganye ba a gani. Ba a rasa rai ba, amma ƙauyuka uku ba su kai ko dami ɗaya gida ba a shekarar. Da tun farko ya bi na a hankali, da ƙofa ta buɗe saura kwana guda. Shi ya sa Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.